Sarkin Dajin da Talo-talo Ya Kora

Ranar da Auta ta shiga ofishin shirya yawon buɗe ido, ba miji ta je nema ba. Babanta ne ya yi ritaya daga aikin likitan dabbobi, ita da yayyenta suka ce a kai shi gandun namun daji ya ga giwa ido da ido, tunda ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan shanu da tumaki.

Ofishin bai fi shago ba: tebur, fanka mai ƙara, sai taswirar gandun a bango. Saurayin da ke bayan teburin ya ɗago ya dube ta, biro ya suɓuce masa.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Giwa kike so ko zaki?"

"Au, sayarwa kuke yi?"

Ya yi dariya, ya tura mata kujera. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin tafki. Da sassafe ake fita. Ban da jan kaya, ban da tsayuwa a cikin mota, kuma kar a bar abinci a taga, don birai ba su san kunya ba. Yadda yake kwatanta tafiyar raƙumin dawa, sai ka rantse tare suka tashi.

Kafin ta fita ta laƙaba masa suna Sarkin Daji.

Shirin da ake gamawa a zama ɗaya kuwa sai ya ƙi ƙarewa. Yau ta dawo canza rana, gobe ta dawo tambayar ko mayafi ruwan ƙasa zai yi. Shi ma kullum da abin da ya manta bai faɗa ba. Wata rana saƙonsa ya shigo:

"Tauraruwata, na kama muku ɗakin da tagarsa ke kallon tafki. Ni kuma tagata hanyar da kika bi kika tafi take kallo."

Ta mayar masa: "Sarkin Daji, wannan ma yana cikin tsarin tafiyar?"

"Ai shi ne tsarin gaba ɗaya."

To amma fa akwai magana. Bawan Allahn nan bai taɓa wuce ƙofar gandun ba. Duk labaransa daga bakin direbobi ya kwashe su. Shi da ko mage ya gani sai ya canza hanya!

Asiri ya tonu ranar da ya je gaida Baba. Ya sha wanka, ya sha turare, yana shiga tsakar gida talo-talon Baba ya buɗe fukafukai ya nufo shi. Kafin a ce kwabo, Sarkin Daji yana kan tankin ruwa, takalmi ɗaya a ƙasa.

Baba ya leƙo ta saman tabarau. "Auta, wannan ne Sarkin Dajin?"

Bayan an kama tsuntsun, baƙo ya sauko ya tafi, Baba ya yanke hukunci. "Ba zan ba wanda tsuntsu ya kora 'yata ba. Ran da wani abu ya taso, barin ki zai yi ya ranta a na kare. Ga ɗan abokina nan, namiji, wayarsa cike da hotunansa a daji."

Auta ta shige ɗaki ranta a ɓace, ta rubuta masa: "Ashe duk giwayen nan a bakinka suke kiwo?"

"Wallahi ban taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma na ji kunya. Amma abin da na faɗa a kanki, shi da idona na gani."

"To ka biyo mu tafiyar. In ba ka zo ba, ka goge lambata."

Da hannunsa ya ƙara wa kansa kujera a motar tafiyar.

Ranar tafiya suka shiga buɗaɗɗiyar mota tun hantsi bai fito ba. Auta na gefe, Baba na kusa da ita. A kujerar baya ga Sarkin Daji yana ta addu'a a ciki, ga Mai Hotuna, ɗan abokin Baba, yana ba da labarin yadda ya taɓa hararar zaki har zakin ya sunkuyar da kai.

Suna isa tafki, wata giwa da ɗanta suka ɓullo daga cikin bishiyoyi, ta ɓangaren da Auta take. Sarkin Daji ya sunkuyo gaba. Ya raɗa da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Tauraruwata, koma can gefen Baba." Ta matsa, ya lallaɓo ya zauna a gurbinta.

Nan Mai Hotuna ya miƙe tsaye, wai zai ɗauko ta da kyau. Giwa ta baza kunnuwa ta saki wata ƙara da ta girgiza motar. Sai ga mai hararar zaki a ƙarƙashin kujera, yana kiran sunan mahaifiyarsa.

"Kar wanda ya motsa," in ji direba ƙasa ƙasa.

Giwar ta tako har jikin mota. Ta miƙo haurenta kusa, ta sa hanci ta shinshina hular Sarkin Daji. Shi kuwa ya runtse ido, ya damƙi hannun Baba, zufa na bin wuyansa. Bai gusa ba. Da ta gaji, ta hura masa iska a fuska, ta juya ta kora ɗanta suka wuce.

Sai da suka koma masauki Baba ya iya buɗe yatsunsa.

"Yaro, ka kusa karya ni."

"A gafarce ni, Baba. Tsoro ne, ba jarumta ba."

"Na sani mana, har kujera rawa take da kai." Baba ya murza hannunsa. "Amma na ga inda ka zauna. Kowa na jin tsoro, ni ma na ji. Wanda zai ji shi kuma ya ƙi barin ta nake nema. Ka turo magabatanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, ango ya durƙusa gaban surukinsa. Baba ya dafa kansa ya ce, "Ka riƙe min ita kamar yadda ka riƙe hannuna ranar nan. Sai dai, don Allah, ka ɗan sassauta."

Jama'a suka kwashe da dariya, ango na share ƙwalla yana cewa in sha Allahu. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya sa tsufa ya same su tare.