Kaset ɗin Kaka

A wani gari can, an yi wata yarinya mai shirin jarrabawar magana da Turanci, kan yadda tsofaffi da yara ke amfani da na'urori. Tana ta maimaita haddarta, tana ta maimaitawa.

Kakarta ta ce, "'Yar nan, me kike cewa?"

Ta ji kunya, amma ta faɗi gaskiya: "Wai tsofaffi ba su san saƙon murya ba."

"Wa kika tambaya?"

"Ba kowa, Kaka."

"To, da kakanki yana ci-rani, a kaset nake yi masa magana, direba ya kai masa."

Washegari yarinyar ta watsar da haddar, ta ba da labarin kaset da Turancinta mai tuntuɓe.

Malamin ya ajiye biro, ya ce, "Me kakanki ya amsa?"

Ana tashi ta ruga gida ta tambayo.