Ramin da Injiniya Bai Rufe Ba

Akwai ciwon da ke kama namiji idan furfura ta leƙo a gemu, tumbi kuma ya fara riga shi shiga ɗaki. Wasunmu kan koma kiwon tattabaru, wasu mu sayi keken motsa jiki, iyali su samu wurin shanya. Mai gyaran rediyon da ke bakin layinmu, wanda muke kira Injiniya don a zauna lafiya, na'urar gano ƙarfe ya sayo, ta hannu, wai zai nemi zinariya.

Duk ƙarshen mako sai ya saɓa ta ya nufi busasshen rafi a bayan gari, yana shafa faifanta a kan yashi. In ta yi ƙara ya durƙusa ya tona. Ya tara marafan kwalba, ƙusoshi, gwangwanayen kifi, da cokali guda wanda matarsa ta wanke ta ce ko banza an rage asara. Amma yana da hali ɗaya mai kyau: duk ramin da ya tona sai ya mayar da ƙasarsa ya take da ƙafa, kada dabbar wani ta karye.

Wata rana ya tono dutse mai walƙiya, ya garzaya da shi wurin maƙerin zinariya. Maƙerin ya goga dutsen a bayan fasasshen tayil, ya nuna masa baƙin layi, ya ce zinariya rawaya take bari, wannan ya kai wa yara su yi wasa. Dariyar 'yan rumfar ta bi shi har gida, ita ce kuma ta kai shi wurin boka.

Bokan yana zaune a wata tsohuwar ma'aikatar fasa dutse. Rana tsaka Injiniya ya shiga, amma ɗakin duhu ne, yana warin jini da tsohon kitse. Ƙahoni rataye da jan ƙyalle, tukunya baƙa a kife, a tsakiyar ɗakin kuma rami mai faɗin tire wanda ba a hango ƙarshensa. Bokan ya kwance faifan na'urar, ya shafe shi da wani abu mai danƙo, ya riƙe shi a bakin ramin. Na'urar da ba a kunna ba sai ga ta tana ƙara.

Injiniya ya tambayi abin da zai biya.

"Ba na karɓar kuɗi," in ji bokan. "Ramin da ka samu zinariya a cikinsa, kada ka mayar da ƙasarsa."

"Shi ke nan, ranka ya daɗe?"

"Wanda ya ba ka shi zai cike abinsa."

"Da me?"

"Ni dillali ne. In ba ka so, ga hanya."

Injiniya ya ji sauƙin abin har da ragin aiki, ya amsa.

A fitarsa ta farko ya dawo da curi mai nauyi. Maƙerin ya goga, layi ya fito rawaya, ya miƙe ya ba shi kujera. Aka sayi mota, aka yi wa gida fenti, mu da muka yi masa dariya muka fara gaishe shi tun daga nesa. A makon ne ƙanensa ya faɗi a bakin famfo, bai tashi ba. Da Injiniya ya koma rafi sai ya tarar da ramin a cike, ƙasar ta yi tudu dogo, an shafe ta sumul kamar da tafin hannu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa kansa iska ce, ya matsa gaba ya tona wani.

Wannan ramin tsohuwarsa ya ɗauka.

Matarsa ce ta fara haɗa lissafi, don ta bi shi rafi ta ga tudun nan biyu a jere. Tun daga ranar ba ta sake magana mai kan gado ba. Duk abin da ke da baki a gidan sai ta cika shi da ƙasa: tukwane, kofuna, takalman yara, aljihun rigarsa. In an riƙe ta sai ta ce a bar ta ta rufe kafin a rufe musu. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita da manyan yaran. Autar ce kawai ta ƙi bin kowa, ta ce wa zai dafa wa Baba ruwan zafi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Injiniya ya ce rami ɗaya kawai, na kuɗin maganin matarsa, daga shi ya tuba.

Ya dawo da curin, ya jingine na'urar a bayan ƙofa, ya cire batirinta. Autar ta shigo da kofi a hannu. Tana giftawa ta gaban faifan, na'urar ta yi ƙara.

"Baba, ni ma zinariya ce?" ta ce tana dariya.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. A bakin ramin ya jefa curin ciki, ya bi shi da ƙasa, shebur bayan shebur, ramin na shanyewa kamar bai ga komai ba. Ya ruga wurin boka, bokan ya ce ramin ba ƙasa yake jira ba, kuma ba ruwansa da wanda zai shiga, in dai na gidan ne.

Injiniya ya koma ya shiga da kansa ya zauna.

Yana nan har yanzu. An sayar da motar da gidan. Mun taɓa ciro shi da ƙarfi, kafin mu kai shi bakin titi yarinyar ta sume, dole muka mayar da shi. Ita ke kai masa abinci, tana kafa masa laima. Lokacin da na fara zuwa duba shi yashin a ƙugunsa yake. Jiya ya kai ƙirji, kuma ba wanda ke zubawa.

Ku masu hangen arzikin dare ɗaya, ku je rafin ku gani tun kansa yana waje. Duk wanda ya ce zai ba ku bai faɗi farashi ba, ya riga ya ƙirga mutanen gidanku.