Taƙaitawar Kawu

Gyaran firinta ne ya kai wani saurayi wani ofishi, ya tarar da wata budurwa tana faɗa da kwamfuta. Aikinta shi ne ta karanta dogon hukuncin kotu, ta rubuta taƙaitawa a samansa don lauyoyi masu bincike a intanet.

"Wa zai karanta wannan tulin bayan kin ba shi layi biyar?" in ji Mai Gyara.

Ta galla masa harara. "Layukan nawa ne, ba na alƙali ba. Lauyan da ya dogara da su a kotu ya kashe kansa."

Tun daga ranar firintar ta riƙa neman gyara duk mako. Yana ce mata Alƙaliyata, tana ce masa Sarkin Gaggawa, don ko saƙonta ba ya karantawa har ƙarshe.

Da maganar aure ta kankama, ya tura kawunsa wurin mahaifinta, tsohon alƙali. Gwaggonta kuwa ta riga ta tanadar mata wani lauya mai mota.

Kawu ya dawo yana huci. "Sun ƙi! Wai ba ka gama makaranta ba, kuma ba ka iya zama wuri ɗaya."

Mai Gyara ya kashe waya kwana da kwanaki. Da ya kunna, ga saƙonta:

"Sarkin Gaggawa, wallahi ka ishe ni. Taƙaitawar Kawu ka ji. Zo ka ji hukuncin kafin Gwaggo ta ɗaukaka ƙara."

Ya same ta a ƙofar gida, ta riƙe ƙugu.

"Alƙaliyata, Baba ya faɗi haka ko bai faɗa ba?"

"Daga bakinsa ta fito, amma maganar Gwaggo ce! Alƙali yakan fara jero hujjar wanda zai kayar. Kawunka bai jira ba, ya suri takalmi ya fice. Jirgi ɗaya ya ɗauko ku!"

"To me ya yanke?"

"Wannan kam ba zan taƙaita ba. Shiga ka ji da kunnenka."

Ya shiga falo ya durƙusa. Baba ya gyara tabarau, ya faro tun daga farko. Ya sake jero laifuffukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun Mai Gyara suka mutu, gumi ya jiƙa masa riga, amma ko motsi bai yi ba.

Can Baba ya ce, "Saboda haka, na ba ka."

Ranar ɗaurin aure, nesa da ƙofa aka zaunar da Kawu, har aka shafa fatiha. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai haƙurin jin ƙarshen magana.