Auta da Kitson Waya

Akwai wata yarinya da ake kira Auta, domin ita ce ƙarama a gidansu. Babanta kafinta ne. Shagonsa yana can ƙarshen layinsu, kusa da mai gyaran keke.

Auta ba ta cika ganin Baba ba. Kafin ta tashi ya fita. Idan ya dawo da yamma, gashinsa ya yi fari da ƙurar katako, idanunsa sun yi nauyi. Zai ci abinci, ya tambaye ta labarin makaranta. Kafin ta kai rabi, barci ya ɗauke shi a kan kujera.

Sai ta zauna tana kallonsa, sauran labarin yana bakinta.

Idan iska ta juyo, ana jin ƙarar injinansa ta tagar ɗakinsu. Auta takan jingina da tagar tana sauraro. Ta san muryar kowane inji. Mai tsiwa shi ne zarto. Mai gurnani ƙasa-ƙasa shi ne injin zuƙar ƙura.

"Umma, ki bar ni in riƙa zuwa wurin Baba ranar Asabar," ta ce wata rana.

Umma ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. "Can? Ga wuta, ga zarto, ga ƙusa a ƙasa. Ke dai so kike ki sa ni hawan jini."

"Shara kawai zan yi."

"Ga shara nan a gida, ba ta ƙarewa."

Baba yana wanke hannu a bakin ƙofa, ya ji su. Ya ce, "Bar ta ta zo. Idona yana kanta."

Umma ta ce, "To. Amma ranar da wani abu ya faru, ko ƙwarzane ne, ta gama zuwa. Kun ji ni ku biyun."

Ranar Asabar Auta ta riga kowa tashi.

Shagon ya fi yadda take zato girma. Katakai a jingine da bango. Guduma da zarto kowanne a rataye a kan ƙusarsa. A tsakiya ga wani dogon tebur da ake yi wa wata makaranta. Baffa, ƙanin Baba, yana tsaye a gefensa da fensir a bayan kunne.

"A'a, yau manyan baƙi gare mu," in ji Baffa. "Sannu da zuwa, Injiniya. Ina fata kin zo da ƙarfinki, don a nan ba a cin abincin banza."

Baba ya ɗaura mata ƙyalle a hanci, ya ba ta tsintsiya. Ya ce, "Doka ɗaya ce. Ba ki taɓa inji."

"To, Baba."

Ta yi shara, ta tsince ƙusoshi a gwangwani. Idan Baba ya ce, "Auta, fensir," sai ta ruga ta kawo. Yana aiki yana sauraron labaranta, kuma yau ba ya barci. Har labarin malamar lissafi ta ba shi daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da ta fi son kallo shi ne injin goge katako. Ɗan ƙarami ne, ana riƙe shi da hannu. Abu biyu ne suke fita daga bayansa. Ɗaya wayar wuta ce, siririya baƙa. Ɗayan kuma tiyo ne mai kauri, wanda yake zuƙe ƙura ya kai ta cikin babban injin da ke lungu. Su biyun sun hau sama, an rataye su a ƙugiya a jikin rufi, don kada su ja ƙasa wani ya harɗe.

Amma akwai abin da bai yi wa Auta ba. An ɗaure wayar a jikin tiyon da tsummokara, kuma ɗaurin sako-sako ne. Tsakanin tsumma da tsumma wayar tana reto, kamar igiyar shanya da ta saki.

Auta gwanar kitso ce. Duk ƙawayenta ita ke yi musu. Ba ta son ta ga abu ya yi buzu-buzu.

Haka ta yi ta zuwa, Asabar bayan Asabar, wayar nan tana tsone mata ido.

Wata rana da hantsi motar katako ta tsaya a waje. Baba ya zare filogin kowane inji daga bango, kamar yadda ya saba. Shi da Baffa suka fita sauke kaya.

Auta ta kalli wayar. Ta ce a ranta, Baba inji ya ce kada in taɓa. Waya ai ba inji ba ce. Kuma babu wuta a jikinta.

Ta jawo benci ta hau. Ta kwance tsummokaran nan ɗaya bayan ɗaya. Ta kama wayar ta riƙa naɗa ta a jikin tiyon, tana ja tana matsewa, yadda take matse kitso don ya daɗe. Da ta gama, ta ƙulle ƙarshen da igiya tamau. Ta sauko ta ja baya ta duba. Ya yi kyau ƙwarai. Babu abin da ke reto.

Ta ƙudurta ba za ta faɗa ba. Gara Baba ya gani da kansa, ya ce, "Wace gwana ce ta yi wannan?"

Baba ya shigo yana sauri, yana yi wa Baffa magana ta kafaɗa. Bai ɗaga kai ba. Ya mayar da filogi, ya kunna injin, ya fara goge saman teburin. Auta ta riƙe tsintsiya tana jira.

Ya goge kusa da shi lafiya lau. Ya matsa tsakiya. Sannan ya miƙa hannu zuwa can ƙarshen teburin.

Injin ya fizge. Ya kife a gefe guda, ya ci katakon, ya goge bayan hannun Baba. Filogin ya tsinko daga bango ya daki ƙasa. Shagon ya yi tsit.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Baba.

Ya je ya kashe babban makunnin wutar shagon. Ya sauko da tiyon daga ƙugiya. A wurin ƙullin nan robar wayar ta yage, jan ƙarfen ciki yana leƙowa. A saman teburin kuwa ga wani rami mai kama da jinjirin wata.

"Wa ya yi wannan?"

Auta ta ce, "Ni ce, Baba. Na ga ya yi buzu-buzu."

Baffa ya duba naɗin, ya girgiza kai. "Kitso dai ya yi kyau, Injiniya. Matsalar, mai kan ba ta ce tana so ba."

Ba wanda ya yi dariya. Bayan hannun Baba ya saluɓe, jini yana tsattsafowa. Auta ta fashe da kuka.

Baba bai yi mata tsawa ba. Ya wanke hannun, Baffa ya ɗaure masa. Baba ya ce, "Mu je gida."

Umma tana ganin farin ƙyalle a hannunsa ta miƙe tsaye. Da ta ji abin da ya faru, sai da ta dafa bango.

"Waya ta yage? Da hannunta ne a wurin fa? Da naka ne, wuta tana ciki?" Ta juya ga Auta, idanunta sun cika da hawaye. "Na faɗa tun farko. Kin gama zuwa."

"Ni ma da laifina," in ji Baba. "Ban duba ba na kunna."

"Laifin kowa ne ma, ta gama zuwa."

Asabar ta zo, Auta tana gida. Ta yi wanke-wanke, ta yi aikin makaranta, ta koma jikin taga. Ta ji injin goge katako yana ta aiki ba hutawa. Ta san dalili. Sai an goge saman teburin gaba ɗaya kafin ramin nan ya ɓace.

Baba ya koma dawowa a gajiye fiye da da. Labarai suka taru a bakin Auta, babu lokacin faɗa.

Idan ta taso daga makaranta, takan bi ta ɗaya gefen titi, ta rage tafiya. Ta ƙofar shagon tana hango tsintsiyarta a jingine a lungu. Wata rana ta ji Baba ya ce, "Auta, fensir." Sai ya tuna ba ta nan, ya je ya ɗauko da kansa.

Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Wata ƙawarta ta zo a yi mata kitso. Auta ta fara, sai ta kasa ci gaba. Ta ce ta dawo gobe.

Abu ɗaya kuma ya tsaya mata a rai. Har yanzu ba ta gane abin da ya sa injin ya fizge ba. Ita dai gyara ta yi.

Wata Lahadi da rana ta sami Baba a zaune, Umma tana ɗinki a gefe. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba don ka mayar da ni nake tambaya ba. Amma me ya sa abin ya fizge?"

Baba ya dube ta. Ya miƙa hannu cikin kwandon ɗinkin Umma, ya ɗauko robar wando da zare mai kauri.

"Kai, kayan aikina ne fa," in ji Umma.

"Aro muka yi." Ya ba Auta. "Naɗa zaren a jikin robar, ki matse yadda kika yi."

Ta naɗa, ta ƙulle. Ya ce ta ja. Ta ja kaɗan, abin ya tsaya cak. Ta ƙara ƙarfi, zaren ya tsinke.

"Tiyo kamar robar nan yake," in ji Baba. "Idan na miƙa hannu, shi ma yana miƙewa. Waya ba ta miƙewa. Shi ya sa nake barin ta tana reto. Idan tiyo ya miƙe, sai ta bi shi da rarar da na bar mata. Da kika matse su, ba ta da rara. Ko ta fizge injin, ko ta yage."

"Ashe da gangan ka bar ta haka."

"Da gangan. Tsumma kuma na sa don ba ya cin robar waya."

Auta ta sunkuyar da kai. "Da na tambaye ka."

"Da kin tambaya, da na faɗa miki a tsaye, ko zama ba sai mun yi ba."

Auta ta juya robar a hannunta. Can ta ce, "Umma, ko za ki ba ni guntayen ƙyallen da kika rage? Tsummokaran Baba sun tsufa. Ina so in ɗinka masa sababbi, masu maɓalli. Baba, in ɗinka? Yaya faɗinsu zai zama?"

Baba ya haɗa yatsunsa ya nuna mata. "Yadda yatsu biyu za su shige bayan an ɓalla."

Umma ta turo kwandon gaban Auta, kuma ita ta koya mata yadda ake buɗe gidan maɓalli. Duk wanda Auta ta gama, sai ta kai wa Baba ya gwada. Wanda ya matse, ta warware ta sake.

Da aka gama, Auta ta zuba su a leda ta miƙa wa Baba. "Ga su. Baffa ya taya ka sawa."

Umma ta karɓe ledar. Ta ce, "Aikina da zarena, sai na ga inda za a sa su. Ɗauko takalminki."

Suka tafi su uku. Baffa yana ganin Umma ya cire fensir daga kunne. "Yau babbar mai duba aiki ce da kanta. Yaya, ɓoye ƙusoshin ƙasa."

Umma ba ta kula shi ba. Ta zagaya shagon kaf. Ta sa aka nuna mata babban makunni. Ta duba sabuwar wayar da aka sa. Ta tambayi inda Auta take tsayawa idan zarto yana aiki, ta ce a ƙara matsar da wurin baya.

Baba ya sauko da tiyon. Auta ta tsaya, hannayenta a bayanta.

"Baba, an kashe wuta?"

"An kashe."

"In sa?"

"Sa."

Ta ɓalla na farko, ta bar wa wayar rara. Ta dubi Baba, ya gyaɗa kai. Haka ta bi su har ƙarshe. Baba ya mayar da tiyon kan ƙugiya, ya duba sama da ƙasa, sannan ya kunna. Ya miƙa hannu har can ƙarshen wani dogon katako. Tiyon ya miƙe, wayar ta bi shi a hankali. Ya dawo, ta koma tana reto.

Umma ta sauke numfashi. Ta gyara wa Auta ƙyallen hancinta, ta ƙara ɗaure shi.

"Asabar kawai," ta ce. "Kuma ki dawo mini da yatsunki cif."

Auta ta rungume ta, ta ruga ta rungumi Baba har ƙurar rigarsa ta sa ta atishawa.

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Idan ka ga manya sun ajiye abu ta wata hanya, ko da bai yi maka kyau a ido ba, wataƙila da dalilinsu. Kada ka gyara abin da ba ka gane ba. Ka tambaya tukuna, musamman inda akwai wuta.