Bargon Citta

A wani ƙauye kusa da Kafanchan, akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son tsafta. Ita da mamarta suna da gonar citta a bayan gida. Da cittar nan suka dogara.

Wata rana Malama Tamar ta zo aji da hotuna. Ta nuna musu ƙasar da kogi ke daskarewa, mutane na huda ƙanƙara su kama kifi. Ta nuna masu raƙuma a Sahara suna bin rijiyoyi. Ga kuma shinkafa a jikin duwatsu, hawa-hawa kamar matakala. Yarinya ta saki baki. Ashe haka duniya take da faɗi!

Hoto ɗaya ya fi ɗaukar hankalinta. Gonar alkama ce a wata ƙasa mai sanyi, tas da ita, babu ko tsinke.

Da ta koma gida sai ta ji kunyar gonarsu. Ba a daɗe da shuka ba, kuma Mama ta lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Da Mama ta tafi garin Nok duba Kaka, yarinya ta kwashe ciyawar kaf ta zuba a rafi.

Rana ta yi ta gasa ƙasa. Daga baya ruwa ya sauko da ƙarfi, ya wanke kunyoyin, irin citta ya fito fili.

Mama ta dawo, ta tsaya a bakin gona.

"Wa ya cire wa cittata bargo?"

"Ni ce, Mama. So nake ta yi kyau kamar gonar Turawa."

"Sannu, Baturiya. Ranarsu irin tamu ce? Ruwansu irin namu ne?"

Mama ta ce ciyawa ce ke riƙe danshi, ita ke hana ruwa kwashe ƙasa. Idan irin ya bushe, babu girbi bana, babu na shukawa baɗi.

Yarinya ta yi kuka. Mama ta miƙa mata lauje. Suka sake binne irin, suka yi ta ɗauko ciyawa daga gindin dutse har suka rufe gonar.

Suka jira. Wata safiya sai ga tsirai kore shar sun leƙo ta cikin ciyawa. Yarinya ta durƙusa tana kallonsu kamar ba ta taɓa ganin tsiro ba.

Daga ranar ta gane cewa kowace al'umma tana neman abinci ne daidai da yanayin ƙasarta. Kafin ka canza abin da ka tarar, ka tambayi dalilinsa.