Ranar da Umma Ta Ambaci Sunanta

Washegarin kawo lefe gidan Malam Maliki da ke Unguwar Shanu bai gama watsewa ba. Maƙwabta suna ta shigowa ganin kaya, wannan ta ɗaga leshi, waccan ta shinshina turare. Gwaggo Asabe ta baje a tabarma tana karɓar barka, don ita riba biyu ta ci: yayar Malam Maliki ce, kuma ita ta haifi angon, Jamilu. Tun amarya Mardiyya, 'yar Malam Maliki, tana goye Gwaggo ke kiranta matar Jamilu. Wasa ya zama gaske, yaran suka taso suna son juna ba tare da kowa ya tura su ba.

Da mutane suka ragu, Mardiyya ta zo ta durƙusa a gefen tabarma.

"Gwaggo, dama maganar gwajin nan ce. Liman ya ce ba zai ɗaura ba sai ya ga takardar asibiti."

"An gama wannan. Akwai wani a layinmu a Rigasa, sunaye kawai ake ba shi, gobe ya kawo takarda da hatiminta."

"Ba a ɗebi jini ba, Gwaggo?"

"Jinin me? Naki da na Jamilu ba ɗaya ba ne?"

Mardiyya ta sunkuyar da kai. Tana da ƙawa da aka yi wa irin wannan takarda bara, yau ga ta nan tana zaryar asibiti da ciwon da ta tarar a ɗakin aurenta. Ranar da ta je duba ta, ta yi wa kanta alƙawarin ba za ta yi aure ba sai da gwajin gaskiya.

"Ni dai so nake mu je a gwada mu da gaske, ni da shi."

"Iye!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ɗana kike zargi? Jamilun da bai san ko'ina ba daga shago sai masallaci? Salamatu, kina jin abin da 'yarki take faɗa?"

Umma tana bakin murhu tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, ni ba ni da ta cewa. 'Yarku ce."

Haka Umma take. Mardiyya ce 'yarta ta fari, ita kuwa mace ce mai tsananin alkunya irin ta mutanen da. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ko duka aka yi wa Mardiyya a gabanta, kau da kai take yi. Mutane suna yaba mata, Mardiyya ma ta saba, amma ranar abin ya sosa mata rai.

Bayan la'asar Jamilu ya rufe shagonsa na gyaran waya a Kawo, ya zo zaure yana dariya.

"Mardi, ke kika kunno min Inna ko? Tun azahar take kirana!"

"Ya Jamilu, wallahi ba zarginka nake ba. Lafiyarmu nake so."

"Na sani. Ni tes bai dame ni ba. Gobe mu je, in ya so a wanke ni a gabanki."

Suka je wani ƙaramin asibiti inda Sista Rahila take aiki, maƙwabciyarsu ce, mutuniyar Kagoro, tun Mardiyya tana firamare take yi mata kitso. Aka ɗebi jininsu. Jamilu ya shiga ya fito yana murmushi. Da aka kira Mardiyya, Rahila ta tura ƙofa ta rufe, ta jawo kujera kusa da ita.

"Ƙanwata, ki nutsu. Ba ki da ƙanjamau, ba ki da tunjere. Amma an ga ƙwayar ciwon hanta a jininki, wadda muke kira hefataitis B."

Ɗakin ya juya wa Mardiyya. "Ni? Anti, ni fa na ce a zo! Wallahi ban taɓa sanin ɗa namiji ba!"

"Na yarda da ke. Gaskiya ne ana ɗaukarta ta kwanciya, shi ya sa muke gwadawa kafin aure. Amma a nan ƙasar da yawa tun suna jarirai suke samu, daga uwa wajen haihuwa, ko daga askar da ba a tsabtace ba. Mutum sai ya girma da ita bai sani ba."

"Mutuwa zan yi?"

"Haba dai! Za mu riƙa duba hantarki, in ta kama a ba ki magani a ba ki. Shi kuma Jamilu akwai rigakafi, allura uku cikin wata shida. Kafin ya gama, ko a ɗaga biki, ko ku yi amfani da kwaroron roba ba fashi. In kin haihu, a ranar za a yi wa jariri tasa allurar. Sirrinki ne, ke za ki zaɓi wanda zai ji."

Mardiyya ta share hawaye da bakin hijabi. "Kira shi, Anti. Ban zo nan don in ɓoye masa komai ba."

Jamilu ya saurari bayanin duka, kansa a ƙasa. Suka fito titi suna jiran keke. Can ya juyo wajenta.

"Mardi, don Allah ki gaya min gaskiya. Akwai wani ne kafin ni?"

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta dube shi, ta tare keke ta shige ita kaɗai. Tun daga nan har Unguwar Shanu kuka take.

A gida ta zauna a gaban Umma ta faɗi komai, har da maganar ɗauka daga uwa. Hannun Umma ya tsaya a cikin faranti, sannan ya ci gaba da tsintar wake. "Allah ya kyauta," ta ce, shi ke nan. Mardiyya ta shige ɗaki ta kifa kai a kan akwatin lefe.

Jamilu kuwa ya ɗauke ƙafa, ba kira ba saƙo. Ya gaya wa mahaifiyarsa a ɗaga biki, ta matsa masa sai ya faɗi dalili, ya faɗa. To, maganar da ta shiga kunnen Gwaggo Asabe ai ta shiga motar haya. Kafin Juma'a ta zagayo, masu ankon biki duk sun ji, kuma kowace ta ƙara nata gishirin. Masu cewa ƙanjamau ne suna yi, masu cewa dama sun lura da yadda yarinyar take daɗewa a makaranta suna yi. Wata maƙwabciya ta aiko a dawo mata da kofin da ta ara wa gidan. Malam Maliki ya rasa abin yi, don bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba, sai ya koma fita da wuri, dawowa bayan isha'i. Mardiyya ta daina fita ko ƙofar gida. Ciwon bai hana ta cin abinci ba, sunanta da ake ja a ƙasa shi ya hana ta.

Wata safiya Umma ta sa hijabi ta fita, ba ta ce ga inda za ta ba. Ta dawo wajen azahar ta ɗora tukunya kamar kullum.

Da la'asar ɗin ranar sai ga Gwaggo ta faɗo gidan da mata uku, ta bar a-kori-kura a ƙofa.

"Ina kayan ɗana? A fito min da su! Mai bakin cewa a gwada Jamilu, ashe ita ce ruɓaɓɓiyar!"

Mardiyya ta fito ta zube a gabanta. "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Ke kika goya ni."

"Na goya ki, amma ban bi ki makaranta ba! Ciwon da ake ɗauka a shimfiɗa, a ina budurwa ta samo shi? Ki faɗa a gaban uwarki!"

Maƙwabta sun cika bakin zaure. Matan suka shiga ɗaki suka fara jawo akwatuna. Mardiyya ta waiga wajen murhu, ba don tana sa rai ba, sabo ne kawai irin na ɗa da uwa.

Umma ta ajiye ludayi. Ta miƙe, ta goge hannu a zani.

"A ajiye akwatin nan."

Ba wanda ya taɓa jin wannan murya a bakinta. Matan suka saki.

"Yaya, kin tambayi inda ta samo. A wurina ta samo." Ta naɗe hannun rigarta, ga 'yar auduga manne a gwiwar hannu. "Yau na je aka ɗebi nawa. Ina da shi. Uwata kuma kin san yadda ta rasu, ciki a kumbure, idanu kamar an zuba rawaya, muka ce sammu ne. Tun ina 'yar ƙanƙanuwa kuka kawo ni gidan nan, ke kika wanke min ƙafa. In wannan ciwo shaidar lalata ce, to da ni za ki fara."

"Salamatu, ni ba haka..."

"Ban gama ba, Yaya. Kin so a sayo takarda. Da an bi taki, da ɗanki ya kwasa bai sani ba, jikokinki ma su kwasa. Wadda ta tsare miki su ita kike kira ruɓaɓɓiya." Ta juya ta miƙa hannu. "Tashi, Mardiyya. Tashi, 'yata. Ba ki yi abin kunya ba."

Mardiyya ta ɗago kamar ba ta ji daidai ba. Sunanta ne, a bakin Umma, a gaban jama'a. Ta rarrafa ta rungume ƙafafunta ta fashe da kukan da ya fi na kwanakin nan duka, amma wannan mai sanyi ne. Tsofaffin da ke zaure suka hau share ido, don sun san irin kunyar da Salamatu ta danne kafin ta yi haka.

Ana cikin wannan Jamilu ya kutso, gumi sharkaf. Ƙanwarsa ce ta kira shi ta ce Inna ta ɗauki mota. Ya ga akwatuna a tsakar gida, ya tsaya a gabansu.

"Inna, kayan nan ba inda za su. Na koma wurin Sista ta sake min bayani, jiya aka yi min allurar farko." Ya juya ya durƙusa nesa kaɗan da Mardiyya. "Mardi, na yi miki tambayar da bai kamata ba, na kuma gudu na bar ki da mutane. Ki yafe min."

Sai da ta share fuska ta ce, "Ya Jamilu, na yafe. Amma sai ka gama allurarka kaf za a ɗaura. Ko ɗaya ba za ka tsallake ba."

"Ko goma ce zan yi."

Gwaggo ta samu gefen turmi ta zauna, jikinta ya yi sanyi. Can ta ce wa matan su mayar da kaya ɗaki, a sallami mai mota. Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne. Amma da Umma ta zuba tuwo, ita ta jawo kwanon Mardiyya ta sa hannu suka ci tare, ta tabbatar maƙwabta sun gani.

Aka ɗaga biki. Masu gulma suka yi suka gaji. Malam Maliki ya kwashi gidansa kaf ya kai gwaji, aka yi wa masu buƙatar rigakafi, Umma da Mardiyya kuma suka riƙa zuwa ganin likita tare, a keke ɗaya. Bayan Jamilu ya karɓi allurar ƙarshe aka ɗaura aure, da takardar gaskiya a hannun liman.

Da Allah ya sauki Mardiyya lafiya, Gwaggo Asabe ce ta tsaya a kan ma'aikatan asibiti tana faɗa. "Ku yi masa allurar nan yanzu, a kan idona! Ba za a kai shi gida ba sai an yi!" Sista Rahila ta yi ta dariya.

'Yan'uwa matasa, gwaji kafin aure ba zargi ba ne, kuma zumunci ba ya tsare jini daga cuta. Takardar saye liman kawai take rufe wa ido, ciwon yana nan yana jira a ɗakin amarya. Ku je a gwada ku tare, ku karɓi rigakafin da ake da shi, ku kame kanku, kada kuma ku yanke wa mai ciwo hukunci, don ba ku san ta inda ya same shi ba. Mardiyya ta yi haƙuri a kan gaskiyarta, ta samu mijinta da lafiyarsa, ta samu ɗanta da tasa.

Umma kuwa ta koma alkunyarta, har yau "yarinyar nan" take cewa. Mardiyya ba ta damu ba. Ta ji sunanta sau ɗaya, a ranar da ta fi buƙatarsa.