Tafintar Ɗakin Likitan Ido

Ranar da Lubna ta fara ganin Manniru, riƙe yake da hannun mahaifiyarsa Iyatu a layin masu ciwon ido, yana ta gyara mata mayafi. Lubna tafinta ce a wani asibitin gwamnati a Abuja: duk wanda ba ya jin Turanci, ita ake kira ta tsaya tsakaninsa da likita. Shi kuwa Manniru kayan miya yake sayarwa a kasuwar Utako, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ido huɗu kawai suka yi, gabanta ya faɗi.

Dokar aikin nata ɗaya ce: duk abin da aka faɗa a ɗakin likita sai ta fassara shi, ba ragi ba ƙari. Iyatu ba ta san da wannan ba. Ta ƙura wa Dokta Godfrey idon da ya rage mata, ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan yaron da ko gemu bai ajiye ba, shi zai taɓa mini ido?"

Lubna ta juya ta mayar masa da Turanci tsaf. Likita ya shafa haɓarsa yana dariya, Manniru ya tuntsire har da hawaye, Iyatu kuwa kunya ta kama ta kamar ta nutse.

A bakin ƙofa Manniru ya karɓi lambar Lubna, wai ko magani zai rikice masa. Magani bai rikice ba, shi ne dai ya rikice. Da yamma saƙo ya shigo:

"Tafintata, tun ɗazu zuciyata ke wani yare da ban gane ba. Ko za ki taimaka?"

Ta karanta ya fi a ƙirga, tana murmushi ita kaɗai, sannan ta rubuta:

"Oga mai tumatir, na ji abin da take cewa. Amsar ita ce, ni ma haka."

Soyayya ta kankama. Amma da Manniru ya kai maganar aure gidansu a unguwar Kuchigoro, Iyatu ta ce atafau ba za ta haɗa jini da yarinyar da ba ta iya riƙe magana a ciki ba. Ta ce ga Zuhra 'yar maƙwabta, mai kunya, ta yi sakandare, ita ce ma za ta riƙa raka ta asibiti. Manniru ya rasa yadda zai gaya wa Lubna, sai ya daina nemanta. Ita kuma ta ɗauka ya haƙura da ita ne, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ranar komawa asibiti, Lubna na teburinta ta hango su sun wuce su uku, Zuhra riƙe da jakar Iyatu. Kishi ya turnuƙe ta, ta sunkuyar da kai.

A ciki likita ya yi dogon bayani: yanar ido ce ke rufe mata idon, in ba a yi aiki da wuri ba ganin zai tafi. Zuhra ta ji komai, amma a tarbiyyarta ba a tsorata babba da mummunan labari. Ta ce wa Iyatu likita ya ce da sauƙi, a ci gaba da addu'a.

Iyatu ta ce, "Bawan Allah ya yi magana har ya sha ruwa, ke kin ba ni guntu? Manniru, kira mini waccan mai bakin."

Da gudu ya zo ya same ta. Lubna ta shiga, ta durƙusa ta gaishe da Iyatu, sannan ta faɗa mata komai, har abin da ba shi da daɗin ji. Iyatu ta yi tambaya ta yi tambaya, Lubna na kaiwa tana kawowa, har tsoro ya saki Iyatu, ta yarda a yi aikin.

Bayan an yi aikin, ranar da aka cire bandeji, Iyatu ta daɗe tana kallon Lubna.

"Ashe haka kike da kyau? Shi ya sa ɗana ya rame. Ki gaya wa mutanen gidanku muna tafe."

Lubna ta rufe fuska da mayafi ta fice, farin ciki kamar ya kashe ta. Kafin ta kai tebur saƙon Manniru ya riga ta:

"Hasken raina, kin ji dai da kunnenki."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Kuchigoro ta cika maƙil, 'yan kasuwar Utako suka zo mota guda, Zuhra ce ma ta yi wa amarya lalle. Da aka kawo Lubna, Iyatu ta hana kowa, da kanta ta ɗaga mayafin, ta kama hannunta ta sa a na Manniru.

"Na zaci ba zan ga wannan rana da idona ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa mutuwa ce za ta raba."

Ɗaki ya amsa da amin, guɗa ta tashi.